In Aiki Ya Kira Maigida, Ina Iyali Za Su Zauna?

Sau biyu a shekara maganar tashi ke yawa a gidajenmu. Na farko gab da buɗe lakwal a watan Oktoba, lokacin da takardun canjin wurin aiki ke fitowa, a ɗauke malamin makaranta ko ma'aikacin likita daga wannan komin a kai shi wancan. Na biyu bayan kaka, in an ɗaure hatsi an sa a rumbu, samari sun fara haɗa jaka: wani ya samu aikin gini a Maraɗi, wani an kira shi tsaron shago a Damagaram, wani ya nufi Agadas ko Kano.

Cin rani ba sabon abu ba ne a ƙasar Tasawa da Mayahi. Abin da ya canza shi ne tafiyar ta daina zama ta wata uku ko huɗu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 500 a kowace ɗaya daga gundumomin nan biyu, kuma tun daga nan ƙaruwa muke yi, gonaki kuwa ba su ƙaru ba. Gandun da uba ɗaya ya noma jiya, yau ƴaƴa shida ke rabonshi. Shi ya sa saurayin da ya samu aiki mai ɗorewa ba ya sakinshi. To daga nan ne tambaya ke tasowa, kuma kan mace take faɗowa: ita da yara, ina za su zauna?

Mu da ke cikin asusu wannan magana ta shafe mu ta ko'ina. Wasunmu su ne matan da za su tashi, wasunmu uwayensu ne, wasunmu uwayen miji. Kuma kusan kullum daga akwatinmu ake ɗaukar bashin kuɗin mota da na hayar farko.

Hanyoyi uku da aka saba bi

Ta farko, a kwashe gaba ɗaya, inda miji ya sauka nan mata da yara za su sauka. Amfaninta a fili yake: tukunya ɗaya, yara na ganin ubansu, ba a raba albashi gida biyu. Wahalarta kuma mace ce ke sha, don ita ce za ta bar gamanarta, da masu sayen ƙosanta, da uwar da ke riƙe mata yaro in ta tafi kasuwa.

Ta biyu, a bar ta a babban gida wurin uwayen miji, shi ya riƙa aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza yana zuwa in ya samu hutu. Ba haya, rumbu na kusa, ga dangi. Amma mun san yadda take ƙarewa a gidaje da yawa. Kuɗin na shiga hannun uba ko wa, ita sai abin da aka ga dama, kuma in yaro ya yi zazzaɓi tsakar dare sai ta jira izinin wanda ba ya nan.

Ta uku ita ce ta tsakiya, wadda ma'aikatan gwamnati suka fi bi yanzu. In an tura mushe wani ƙauye a Urafan ko Gidan Amumun, sai ya kama wa iyali ɗaki a Tasawa ko Mayahi, shi ya riƙa tafiya a babur ran Litinin ya dawo ƙarshen mako. Yara na samun lakwal mai kyau, likita na kusa. Sai dai gida biyu ne, wuta biyu, ga kuɗin mai kowane mako.

Babu wadda ta fi a kowane hali. Amma akwai abubuwan da in aka auna su tun kafin a ɗaure kaya, amsar kan fito da kanta.

Hayar ɗaki ita ce ƙaramar magana

Maza in sun je neman gida, tambaya ɗaya suke yi: nawa ne a wata? Mu kuwa da muka iya lissafin zubi da riba, bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Bari mu yi misali, kowa ta sa farashin garin da take nufi a madadin nawa.

A ce ga ɗaki biyu. Ɗaya a bakin gari, jika 5 a wata. Ɗaya kusa da kasuwa da famfo, jika 10. Kowa zai ce na farko ya fi sauƙi. To amma maigida sai ya hau kabu-kabu zuwa aiki, dala 40 zuwa, dala 40 dawowa. A kwana 25 na aiki jika 10 ke nan. Mai ga-ruwa kuma saboda nisa ya ƙara dala 5 a kan kowace jarka. In gidan na shan jarka 6 a rana, a wata jika 4 da rabi ne. Ku haɗa: ɗakin jika 5 ya koma jika 19 da rabi, kusan ninki biyu na wancan. Ba mu ma sa asarar cinikin da matar za ta yi ba don ba mai bi ta ƙofarta. Arha ba ta ado, in ji mutanen da.

Ku tuna kuma a birni komai saye ne. Tiyar hatsin da kike ɗiba a rumbu, itacen da yara ke samo miki, kukar miya da yakuwar bayan ɗaki, har ramin da za a zubar da ruwan wanka, duk kuɗi ne. Tun farkon 2024 mafi ƙanƙancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, kuma da yawa cikin masu aikin shago da gini ba su ma kai nan. In albashin bai ɗauki haya, ruwa, hatsi da itace ya bar wani abu na rashin lafiya ba, to lokacin kwashe iyali bai yi ba tukuna.

Ruwa da ƙasar da gidan ke kai

A ƙauye, abin tambaya shi ne nisan rijiya da zurfinta. Duk wadda ta zauna arewacin Mayahi ko wajen Urafan ta san rijiyar da sai da dabba ake jan gugarta, ta san yadda safiya ke ƙarewa a bakin rijiya da rani. Amaryar da ta tashi a gidan famfo, in aka kai ta irin wannan wuri da goyo ba mai taimako, wata uku ya isa ta rame. A tambaya ko garin na da famfon tanki, ko yana aiki, kuma in ya lalace kwana nawa ake yi kafin a gyara.

A birni kuwa ruwan sama ne abin tsoro. Ita kanta Maraɗi a cikin fadama take a da, ambaliyar 1945 ce ta sa aka maido garin kan tudu. Kuma ba mu manta daminar 2024 ba, da ruwa ya rushe gidaje masu yawa a jiharmu har aka ɗage buɗe makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. A Tasawa ma kowa ya san unguwannin da tabki ke cika ya shiga. Galibi ɗakin da aka ce yana da arha da rani, damina ce ke faɗin dalili. In kin je ganin ɗaki, dubi gindin bango. In akwai layin danshi ko sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa, ruwa ya taɓa kwana a nan. Mai gida ba zai faɗa miki ba, amma maƙwabciya za ta faɗa in kin gaishe ta da kyau. Ki duba salga, ki ƙirga gida nawa ke amfani da ita. Ki tambayi mitar wuta ta mutum nawa ce, don rabon kuɗin NIGELEC ya raba maƙwabta da yawa.

Likita

Ga ƙaramin iyali wannan ta fi kowace nauyi, don shekarun ciki da goyo ne. Likita hawa-hawa ce. Akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, akwai CSI inda ake awon ciki da haihuwa, akwai babbar likitar gunduma a Tasawa da Mayahi, sannan manyan likitocin Maraɗi. In haihuwa ta zo da gardama, ba a CSI ake yin aiki ba, sai an tura gaba. Saboda haka tambayar ita ce: daga ƙofar ɗakin nan zuwa inda za a iya ƙarin jini ko a yi aiki, awa nawa ne, da wace mota, kuma hanyar na biyuwa a watan Agusta? Garin da ke bakin kwalta kamar Maijirgi da wanda sai an keta rairayi a amalanke, ko da nisansu ɗaya ne a baki, ba ɗaya suke ba ran naƙuda.

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a likitocinta. Duk da haka mun san wani lokaci maganin kan ƙare a rubuta miki ki saya, don haka a ajiye wani abu gefe. In za ki tashi, karnen awonki da na rigakafin yara su shiga jakar hannunki, ba cikin buhun kaya ba. Da su ne sabuwar likita za ta san allurar da ta rage. In kuma tashin ya faɗo cikin damina, ki nemi masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara wata-wata, kada zagaye ya wuce ɗanki don ba a san da ku ba a unguwar.

Mai cikin fari kuwa, al'adarmu ta goyon ciki ta riga ta ba da amsa. A bar ta ta haihu gaban uwarta, ta yi arba'in, ta yi ƙarfi, sannan ta bi miji. Sharaɗi ɗaya ne: garin uwar ya zama yana kusa da likita. In ba haka ba, gara uwar ta bi ɗiyarta birni.

Lakwal

Yaron da aka cire a tsakiyar shekara sau da yawa shekarar ta tafi ke nan. In da hali a yi tashin cikin babban hutu. A karɓi takardar canjin makaranta daga hannun darakta, a tafi da takardar haihuwar kowane yaro, don ba ta ba jarrabawar ƙarshen firamare. Wadda ba ta yi wa ɗanta ba, ta yi a mairie ɗin garinsu tun tana nan inda aka san ta. In lokaci ya wuce sai an bi ta wurin alƙali, kuma yin haka daga nesa wahala ce da kashe kuɗi.

Ki je ki ga makarantar da idonki. Ajin ƙananan yara na gini ne ko na zana? Ba mu manta gobarar watan Nuwamba 2021 a Maraɗi ba, da ta cinye azuzuwan zana ta kashe yara fiye da 20. Sai yaro ya tsallaka kwalta kafin ya isa? Babbar hanyar da ta ratsa Caduwa, Agye, Gazawa da Tasawa manyan motoci ne ke bin ta dare da rana. Mai ɗiya mace da ta kusa gama CM2 ta ƙara tambaya ɗaya: akwai kolej a garin? Ɗiyan da ake turawa wani gari su zauna gidan mai riƙo, da yawansu talla da wanke-wanke ke cinye karatunsu, daga nan sai maganar aure. In zama a Tasawa ko Mayahi zai sa ɗiya ta yi kolej tana kwana ɗakin uwarta, wannan kaɗai ya isa dalilin bin hanya ta uku.

Sana'arki ba ta shiga buhu

Abin da maza suka fi mantawa ke nan. Shi aikinshi na jiranshi a can. Ke naki fa? Mai saƙar tabarma a bakin Gulbin Kaba kabarta na bayan gari, in ta koma Damagaram sai ta saye ta da kuɗi. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta san inda take sayen gyaɗa da arha lokacin kaka, ta san masu karɓar bashi su biya ran kasuwa. Mai kiwon awaki ba za ta samu mai gidan hayar da zai yarda da turke a tsakar gidanshi ba sai da wuya. A gefe guda kuma akwai sana'ar da birni ke ɗagawa: ɗinki, kitso, lalle, abincin sayarwa kusa da tasha ko makaranta, ƙanƙara da lemu in akwai wuta.

Kafin ki ce to, ki zauna ki lissafa abin da sana'arki ke kawowa a wata. Shi ne ake sayen sabulu, cefane, takalmin yara da zubin asusu, ko da ba wanda ke kiran shi albashi. In tashi zai kashe shi, to a cire shi daga albashin maigida a ga abin da ya rage. Ki kuma yi magana da shi tun a gida kan ko zai bar ki ki fita sana'a a can. Akwai mazan da a ƙauye ba su hana fita, amma da sun shiga birni sun ga maƙwabta sai su sa kulle. Gara a ji ta tun kaya ba su hau mota ba.

Gona da rumbu

Gamanar da miji ko uba ya ba ki, in kika bar ta shekara biyu ba a noma da sunanki, da wuya ki dawo ki same ta, yadda ƙasa ta yi ƙaranci. Wadda ta gada ko ta saya da kuɗin asusu, kada ta bar ta a hannun kowa da baki kawai, ko da ɗan uwa ne. Tun dokar karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira Kofo, daga baya aka kai su har matakin gari. A je gaban mai gari da shaidu a rubuta cewa aro ne, na shekara kaza, kuma dami kaza za a riƙa ba ki. Takarda ba rashin yarda ba ce. Ita ce ke hana ƴaƴanku faɗa bayan ba ku.

Iyalin da suka koma birni suna da dami ashirin ko talatin na jiransu a ƙauye ba su san tsadar hatsi ta watan Yuli ba kamar wanda ya sayar da komai ya tafi. Kada a sayar da gona don a biya hayar ɗaki. Aiki na ƙarewa, gona ba ta ƙarewa.

In aikin a ƙetare ne

Ga mutanen Korgom da Hawan Dawaki, Daura da Katsina sun fi Yamai kusa, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Amma mun ga an rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024. Mun ga yadda naira ta faɗi, wanda ke aiko da abin da ke sayen buhu ya koma ba ya sayen rabi. Ga kuma matsalar ƴan bindiga a wasu dazukan bakin iyaka. Karatun yara ma can da Ingilishi ne, nan da Faransanci, yaron da aka yi ta kai da kawo da shi sai ya tashi ba nan ba can. Shawarar da ta fi ita ce namiji ya fara tafiya shi kaɗai, ya shekara, a ga aikin ya zauna. Wuraren haƙar zinari na arewa kuwa, irin su Jado, da hanyar hamada zuwa Aljeriya ko Libiya, ba wurin kai mace da yara ba ne ko kaɗan.

Asusunki

Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ga ta a ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Ma'ana, da wuya ki sauka garin da babu asusu a ƙasar nan. Amma shiga sabuwar ƙungiya sai da yarda, yarda kuma sai da sani. Saboda haka kada ki fita ta bayan gida. Ki sanar da ƙungiya da wuri. Ki biya bashin da ke kanki kafin ki tafi, ko ki kawo wadda za ta tsaya miki a gaban kowa. In rabo ya kusa, ki ci gaba da aiko da zubinki ta hannun wadda kika yarda da ita har a fasa akwati, in dokar ƙungiyarku ta yarda da haka. Shugaba da magatakarda kuma su rubuta mata ƴar takarda: shekara nawa ta yi, ba ta da bashi, ba ta fashin zubi. Wannan takarda a baƙon gari ta fi sabon zane amfani.

Bashin tashi kuwa a yi hattara da shi. Bashin asusu na sana'a ne da ke juyawa ya biya kanshi. Kuɗin mota da haya ba su juyawa. In za a ba da, a san daga wane albashi za a biya, a wane wata, kuma mijin ya san da maganar, don kada matar ta tafi da nauyin da ba ita ta ci ba.

Mu uwaye da uwayen miji

Matsuguni haƙƙin mace ne a kan mijinta, malamanmu sun sha faɗa. Amma a gidajenmu sau da yawa mu tsofaffi ne ke yanke maganar. Uwar miji na so a bar mata suruka don daka da ɗiban ruwa. Uwar ɗiya na so a tafi da ita birni don a ce ɗiyarta na Maraɗi. Kowace ta tambayi kanta tsakaninta da Allah, don yaran take wannan magana ko don kanta? Auren da aka raba shekara uku ba dalili, mun ga inda yake zuwa. Ɗiyar da aka jefa ɗakin haya a garin da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun asuba sai dare, ita ma mun ga yadda take dawowa.

Abin da ya fi shi ne miji ya riga zuwa ya yi wata biyu ko uku, ya ga albashi na fitowa. Sannan matar ta je da kanta, ko da kwana biyu ne, tare da yayarta ko gwaggonta, ta ga ɗakin, ta ga famfo, ta gaisa da maƙwabta, ta taka zuwa likita da lakwal da ƙafarta. Gani ya kori ji. Kuɗin motar wannan ziyara ba asara ba ne in aka gwada shi da na kwaso kaya a dawo bayan wata huɗu.

A zaman asusu mai zuwa, bayan an gama zubi an kulle akwati, ku ɗauki ɗan lokaci ku tambaya ko akwai wadda tashi ke gabanta bana. A cikinku akwai mai ƙanwa a Damagaram, akwai wadda ta yi shekara biyar a unguwar Zariya ta Maraɗi, akwai wadda ta san matan asusun Kanambakashe ko Isawan. Ku haɗa ta da su, ku ba ta lambar salula, ku taya ta lissafin da muka yi a sama da farashin gaskiya. Allah Ya sa inda za a sauka ya fi inda aka baro, Ya tsare mana yaranmu a duk inda abinci ya kai su. Amin.